Tsakanin Taƙama da Sukuwa: Kundin Horon Bikili

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Dokin bikili ne, kuma da launin nasa muke kiransa. Na sayo shi a kasuwar Maigatari wata Alhamis bayan Babbar Sallah, haƙoransa na nuna shekara shida ko kusa da haka. Bai kai ingarma ba, ya wuce ƙuru. Dillalin ya rantse mini cewa ya sha hawan Sallah, ban kuwa ƙaryata shi ba, domin abu biyu kaɗai Bikili ya sani a duniya, taƙama da sukuwa. Ka sassauta masa kamazuru ya ɓalle kamar kibiya, ka ja ya ƙame wuri ɗaya, baki buɗe, kai a sama. Tsakanin biyun nan babu komai, kuma wannan giɓin nake son cikewa kafin Ƙaramar Sallah.

Abin da nake nema shi ne ƙaramar sukuwa, wadda doki ke yi a natse. Mai kunne zai rarrabe ta. Sassarfa taku biyu ce, sukuwar tsere taku huɗu, ita kuwa wannan uku ce sai ɗan shiru, uku sai ɗan shiru. In doki na kewayawa dama, ƙafar baya ta hagu ce ke fara sauka, sai ta baya ta dama da ta gaba ta hagu su sauka tare, sai ta gaba ta dama ta miƙa ta sauka daga ƙarshe, sannan duk huɗun su bar ƙasa na ƙiftawar ido. Wannan ta ƙarshen ita zan riƙa kira ƙafar ja-gaba. In hagu aka nufa, komai sai ya juye.

A waya na fara ganin wasan da Turawa ke kira diresaj, wanda ke cikin gasar Olamfik tun ta 1912 a ƙasar Suwidin. Mahayi na zaune kamar ba ya komai, doki na bin zane a fili. Ba gasa zan je ba, babu mai ba ni maki a ƙauyen nan namu na ƙasar Ringim. Darussan nasu kawai nake son ara.

Fili kuwa gonar gyaɗarmu ce ta bayan gari. Ni da ɗan yayata mun yi kwana uku muna baje kunya da fartanya da manjagara, muna cike ramukan gafiya. Muka auna mita 20 a faɗi, 40 a tsawo, wato ƙaramin fili, don babban na gasa 20 ne da 60. Gwangwani takwas muka cika da ƙasa, na rubuta musu A, K, E, H, C, M, B, F, muka jera su a kewayen filin su zama alama, yadda suke jere a nasu. Baba, maƙwabcinmu da ya tsufa a bargar wani hakimi, ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, yanzu doki za ka sa a firamare?" Na ce, "Baba, ni ne ɗan ajin, shi rakiya zai yi." Ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai haƙar rijiya a kan dutse.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na cire masa linzaminmu na gargajiya, mai zoben da ke zagaye haɓa da harshen ƙarfen da ke dukan ganɗa. Na sa masa mai gaɓa a tsakiya, wanda na samo a Kano wurin masu kayan 'yan ƙwallon dawaki, tare da wani tsohon sirdi irin nasu. Ranar farko da ya ji bakinsa babu abin tsoro, ya ɗauke ni ya ratsa gonaki uku, sai shingen wata gonar rogo ne ya tsai da mu. Yara suka samu abin dariya na mako guda.

Saboda haka na jingine maganar sukuwa a kansa. Kwana goma ke nan ba abin da muke yi sai tafiya, tsayawa, tafiya, sassarfa, komawa tafiya. Ina haɗa kowace da murya, in ja "hooo" a hankali in zauna da nauyina, hannu ya zo daga ƙarshe. Da yamma kuma in sa masa doguwar igiya a ragama in tsaya tsakiya yana kewaya ni. A nan ne na ga ainihin ciwon. In ya kewaya dama, ƙafar ja-gaba daidai take fita kusan kullum. In ya kewaya hagu, sau goma na ƙirga, biyu kaɗai ya dace. Sauran ko ya fita da ƙafar dama yana tangaɗi, ko ya haɗa gaba na hagu da baya na dama, ya riƙa girgiɗi kamar amalanken da ƙafarsa ɗaya ta karkace.

Lahadi, 1 ga Disamba

Likitan dabbobi ya zo ya duba bakinsa, domin ya ƙi lanƙwasa wuya hagu, kuma ina ganin tsabar dawa na zubo masa in yana ci. Turamen sama sun yi kaifi ta gefen kunci har sun yanke shi ta ciki. Aka goge su da magagari, aka ba shi maganin tsutsar ciki. Na rage masa dawa, na ƙara harawar wake da dusa, kanwa kuma kamar kullum. Hutu kwana uku.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ba mu yi aikin kirki ba yau, hira muka yi. An faɗa a rediyo cewa hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da take tattalawa. Baba ya ji daɗi har ya manta da ciwon gwiwarsa, ya shiga ba ni labarin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da ya gani da idonsa yana saurayi.

Daga nan muka faɗa maganar jahi. Na ce masa abin da ke ba ni mamaki shi ne, abin da Turawan nan ke shekaru suna nema, wato doki ya tattara jikinsa ya ɗora nauyinsa a ƙafafun baya, namu na yin sa a gaban sarki duk Sallah. Ya taho a guje, ya zauna a kan cinyoyinsa, ƙura ta tashi. Bambancin kawai, namu tsoron ƙarfe ke zaunar da shi, shi ya sa kai ke tashi sama, baya ya lotsa. Baba ya ɓata rai. Ya ce wannan hawan yaran yanzu ne. Ya ce a bargar da ya yi aiki, dokin da maigida ke hawa da kansa ba a fisgar bakinsa, mahayi na gyara zama ya san abin da ake nufi, linzamin yana nan ne kamar takobi a kube. "Hannu mai nauyi shi ke kashe bakin doki, ba ƙarfe ba." Ban yi musu ba. Amma na san hannuna, bai kai na maigidan nasu ba, don haka mai gaɓar nan zai ci gaba da zama.

Alhamis, 19 ga Disamba

Mun fara sukuwa ina kansa. Tsarin shi ne da'ira mai faɗin mita 20, wato rabin filin. In daidaita sassarfa tukuna, sannan in nemi sukuwa daidai lokacin da muke shiga kusurwa, don lanƙwasar kusurwa na taimaka masa ya fita da ƙafar ciki, wato ta gefen da muke kewayawa. In hagu ne, ƙafata ta hagu na kan majanyin sirdi, ta dama ta ɗan ja baya, nauyina a ɗuwawun hagu, hancinsa ya ɗan leƙa hagu yadda zan hango gefen idonsa kawai. Taku takwas ko goma, in dawo da shi sassarfa tun bai fara gudu ba, in daidaita, in sake nema. Amfanin yana cikin shiga da fitar, ba cikin daɗewa ana zagaye ba. Duk shiga ɗaya sai ya tura ƙafar baya ƙarƙashin cikinsa, kuma ƙarfin da ba shi da shi ke nan.

A takarda ke nan. A fili kuwa, in na nema sai ya ƙara saurin sassarfa, ya yi ta ƙarawa ina jijjiga a kansa kamar buhun da ba a ɗaure ba, sannan ya faɗa cikin sukuwa da ƙafar da ya ga dama. Sirdinmu na gida mai kwacciya gaba da baya ya saba riƙe ni, wannan kuwa shimfiɗe yake, babu abin jingina. A kusurwar H ya kauce wa wata leda da iska ta kwaso, na tsinci kaina a ƙasa, bakina cike da rairayi.

Ɗan yayata ya ɗauki hoton bidiyo da wayata. Da dare muna kallo ya ce, "Kawu, ka ga duk sanda za ka nema sai ka sunkuya kana leƙen ƙafarsa." Na maimaita sau biyar ina neman hanyar ƙaryata yaron, ban samu ba. Ina sunkuyawa hagu, nauyina na danne kafaɗar da nake so ta ɗaga, ɗuwawuna kuma na zamewa dama. Wato da baki ina cewa hagu, da jiki ina cewa dama. Gobe zan kafa idona a kan kukar da ke bayan gwangwanin C, ƙafar kuwa in koyi jin ta a jikina, yaron ya riƙa faɗa mini ko na canka.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Darasin da ya fi kowane yi mana amfani zuwa yanzu shi ne na dodon koɗi. A sassarfa nake fara da'irar mita 20, in riƙa matse ta a hankali har ta dawo kamar 12, sannan in tura shi waje da ƙafata ta ciki, yana gaba yana gefe, har mu koma babbar da'ira. Muna isa bakin layi sai in nemi sukuwa. Dalilin da ya sa take ci, a fahimtata, shi ne turawar nan na ɗauke nauyi daga kafaɗar ciki, tana kuma sa ƙafar baya ta waje ta tsaya da ƙarfi, ita ce kuwa ke fara takun farko. Kafin ya yi tunanin tsohuwar ɗabi'arsa, jikinsa ya riga ya shirya wa hagu.

Hagu yau shida cikin goma. In ya fita ba daidai ba, ba duka ba tsawa, in dawo da shi sassarfa in sake. In ya dace, taku kaɗan in sauke shi tafiya in shafa wuyansa. Ya fara furzar da numfashi yana sauke kai, abin da ban taɓa ji daga gare shi ba.

Sanyi ya yi tsanani, sai hantsi muke fita, kuma sai ya yi minti goma sha biyar yana tafiya kafin in nemi komai.

Talata, 14 ga Janairu

Na yi ɓarna. Daɗin shida cikin goma ya ɗebe ni, ranar Asabar na yi ta maimaita dodon koɗi kusan minti arba'in. Ga shi zagayen yau da gobe ya tone kusurwar H da ta M, rairayin ya yi zurfin da kofato ke nutsewa. Washegari na shafa ƙafarsa ta gaba ta hagu na ji ɗumi a jijiyar bayan ƙwauri, da ɗan kumburi. Ba ya ɗingishi sosai, amma likita ya ce a huta, a riƙa kwarara ruwan sanyi safe da yamma, a ja shi da hannu a ƙasa mai tauri. Ruwan randa da asuba a wannan hunturu ya ishe shi sanyi, ni ma ya ishi yatsuna.

Baba bai ce komai ba, ya dai karɓi bokitin daga hannuna ya nuna mini inda ake zubawa.

Juma'a, 31 ga Janairu

Kumburi ya saɓe tun mako guda da ya wuce, likita ya sake dubawa ya ce a koma a hankali. Mun matsar da gwangwanaye gabas, inda ƙasar ke da ɗan jiɓin laka, ba ta tonuwa. Shanun Fulani sun kwana biyu a wurin suna kiwon kara, sun tattake mana shi kyauta, sai kashin da muka kwashe. Yanzu aiki minti ashirin da biyar ne, sukuwa a ciki ba ta wuce biyar, kuma kwana biyu a mako ba ma shiga fili, tudun hanyar fadama muke hawa da tafiya don cinyoyinsa su yi ƙarfi.

Na shimfiɗa sandunan darbejiya a ƙasa, ɗaya tukuna, daga baya uku. Na fara ba su tazarar mita 3, na ga yana miƙewa yana neman su, na rage zuwa 2.7, ya samu daidai takunsa. Sandar na sa shi ɗaga jikinsa daga ƙasa, ɗan shirun nan na bayan taku na uku ya fito sosai.

Amma abin da na fi son rubutawa yau na Baba ne. Da safe ya sa ɗan yayata ya share dogon gefen fili da manjagara, daga K zuwa H, ya yi sumul. Ya ce in wuce sau ɗaya da sukuwa in sauko. Muka tsuguna a kan sawun kamar masu bin ɓarawon akuya. Ya nuna mini da tsinke: ga sawun gaba a layinsu, ga na baya sun kauce ciki da kusan faɗin tafin hannu. Ya ce, "Dokinka tafiyar kare yake yi, gindi na gefe." Na daɗe ina jin kamar sirdi na karkata, ban san daga ina ba ne, ga shi a rubuce a ƙasa.

Dalilin a fili yake in ka tsaya bayan doki ka duba. Ƙugunsa ya fi kafaɗunsa faɗi, in ya jingina kafaɗa da bakin layi dole gindi ya shigo ciki, kuma ta haka yake guje wa ɗaukar nauyi da ƙafar baya ta ciki. Da na ce zan tura gindin waje da ƙafa, sai na tuna abin da masu diresaj ke koyarwa, cewa gaba ake kawowa a daidaita da baya. Wato in ɗan shigo da kafaɗunsa ciki kaɗan, kamar zan fara da'ira amma in ci gaba a miƙe. Na gwada a tafiya, na gwada a sassarfa. Aka sake sharewa, na wuce da sukuwa. Sawun bai haɗe duka ba, amma tazarar ta ragu zuwa yatsa biyu ko uku. Baba ya auna da tsinkensa ya karya shi daidai wurin, ya sa a aljihu, wai na gwajin mako mai zuwa ne. Mutumin da ya ce firamare.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsoron kada ya koma gudu ya sa na yi ta riƙe shi, ina jin daɗi wai sukuwarsa ta yi sanyi ta tattaru. Baba na zaune a gindin kuka, ko kallonmu ba ya yi, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, huɗu nake ji." Na kasa kunne, gaskiyarsa. Ƙafafu biyun da ya kamata su sauka tare sun rabu, tsallen ya mutu, yana jan jiki ne kawai. Ragwanci ne na ɗauka natsuwa.

Maganin da muka yi kwana biyar muna sha: a dogon gefe in sake shi ya buɗe taku, a gajeren gefe in tattaro shi da zama da ɗan matsa kamazurun waje in saki nan take, ba ja ba. Matsa ka saki, matsa ka saki. A tsakiyar da'ira kuma in miƙa hannuwana gaba taku biyu ko uku, kamazuru ya yi sako-sako, in ga ko zai riƙe kansa. Ranar farko ina sakewa ya ƙara mai. Yau ya yi taku uku bai canza komai ba, ta dama. Ta hagu har yanzu yana neman hannuna.

Na kuma gwada fita daga layi kamar mita 3 a dogon gefe in dawo, ba tare da ya canza ƙafar ja-gaba ba. Dama ya yi. Hagu ya rikice ya haɗa gaba da baya, na bar shi sai wani lokaci.

Samarin unguwa sun zo aron sa don hawan angwancin abokinsu. Na hana, na ba su gudummawar kuɗin hayar wani. Na san me za a yi: tsohon linzami, ƙaimi, tsere a kan titi har magariba. An ce na yi rowa, har an kai ƙarata wurin yayata.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ƙidayar yau, daga sassarfa: dama goma cikin goma, hagu takwas. Daga tafiya kai tsaye zuwa sukuwa, ba sassarfa a tsakani, dama ya yi sau uku masu kyau, hagu sau ɗaya, shi ma da ɗan tsalle. Saukowa daga sukuwa zuwa tafiya ba ta samu ba tukuna, sai ya yi sassarfa taku huɗu ko biyar yana faɗawa kan hannuna. Tsinken Baba ya gajarce sau biyu. Jijiyar ƙafa lafiya, ina shafa ta kullum kafin in ɗaura sirdi da bayan na kwance. Kofatonsa na baya na dama ya ɗan tsage saboda bushewa, mai yankan kofato zai zo ranar Litinin.

Ana duban wata yau. In an gani, aiki zai koma bayan sallar asuba, minti ashirin, kwana huɗu a mako, don zafi ya fara shigowa kuma ba zan iya da rana ina azumi ba. Sati biyun farko saukowa zuwa tafiya kawai za mu sa a gaba.

Maganar da ba mu gama ba ita ce ta ranar Sallah. Baba ya ce ba za a shiga taron dawaki da kalangu da bindigogi da wannan linzamin wasan yara ba, in mai da masa na gargajiya in dai riƙe shi da yatsa biyu. Ni kuma ina tsoron rana ɗaya ta rushe aikin wata huɗu. Mun tsaya a kan cewa ranar kasuwa mai zuwa zan ratsa da shi ta bakin tasha da mai gaɓar, ɗan yayata na biye da ragama a hannu, mu ga yadda zai yi da babura da hayaniya.